Amfilifayar da Ba Ta Shiru Sai An Dafa Ta

A gidan hayarmu babu wanda bai san hannun Sha-Yanzu ba, domin babu ɗakin da hannun nan bai taɓa yi wa ɓarna ba. Sana'arsa ta gaskiya gyaran fanka ce, kuma ko a nan ɗin, in ka kai masa fanka mai juyawa a hankali, sai ya dawo maka da ita tana gudu sosai, amma ta baya. Sunan daga bakinsa ya fito. Ko me ka nuna masa, kafin ka rufe baki ya ce, "Wannan ai sha yanzu magani yanzu ne." Ni tela ne, shagona yana ƙofar gida, ɗakina kuma bango ɗaya ne da nasa, don haka ganau ne ni ba jiyau ba.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin Baba Mai-gida shi ne ranar da Sha-Yanzu ya ce zai yi wa gidan ƙararrawar ƙofa. Baƙon farko da ya danna ta, mitar gidan gaba ɗaya ta yi hayaƙi, muka yi kwanaki muna fifita da kwali. Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Sha-Yanzu ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata.

Wadda abin ya fi yi wa ciwo ita ce matarsa, Uwar-Biyu. Mace ce mai haƙuri, amma ta gaji da tashi. Tun da aka yi aurensu suke yawo daga gida zuwa gida, ko'ina wuta ce ke korarsu, har ta daina kwance igiyar wasu kwalayenta. A gidan nan ne kaɗai ta saki jiki: makarantar 'yan biyunta tana bayan layi, ta shuka 'yan furanni a tsofaffin gwangwanaye a bakin taga, ta sa na ɗinka mata labule daidai faɗin ƙofar. Ranar da Baba ya yi maganar, na ji ta ta cikin bango tana kuka a hankali don kada yara su ji, kuma gaskiya ta ba ni tausayi.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Da safe ya leƙo shagona yana murmushi.

"Tela, ka ji Baba zai yi taron buɗe famfo?"

Na ji mana. Baba ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa famfo a ƙofar gida don mutanen layi su riƙa ɗiba, kuma ya ƙudura sai an kafa rumfa an jera kujeru ya yi jawabi.

"To a nan zan karɓo ɗakina," in ji Sha-Yanzu. "Zan haɗa masa amfilifaya."

"Ka taɓa haɗawa?"

"Me ye a ciki? Fanka wuta take ci ta ba da iska. Amfilifaya wuta take ci ta ba da ƙara. Ƙara kuwa ai iska ce da ta yi ilimi."

Sai ku san Baba Mai-gida kafin ku gane dabarar. Ƙato ne na gaske, tsohon direban babbar mota, in ya tsaya a ƙofa sai ya toshe haske. Amma Allah ya ba shi 'yar siririyar murya, irin wadda in ya kira ka daga bayan labule sai ka ɗauka jikarsa ce. Kowa ya san abin yana damunsa, kuma babu mai hankalin da ke taɓo zancen. Sha-Yanzu ya same shi yana zaune a kan benci yana duban masu gyara dandamalin famfo, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, na ji an ce za ka yi hayar lasifika."

"Ina ruwanka? Ka fara ɗaure kayanka?"

"Ana kai, Baba. Ni dai abin da na hango maka ne ya hana ni sukuni. Kayan hayar nan ba su da tausayi, abin da ka ba su shi suke maimaitawa. In murya ta shiga siririya, haka za ta fito siririya, sai dai ta ƙara nisa. Wanda bai sani ba a layin gaba, ranar zai sani."

Na tsayar da kekena, don na tabbata za a yi mari. Baba ya ƙura masa ido.

"Taka fa?" ya ce daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Tawa gyara take yi. Ka yi magana ta nan a matsayin Baba, ta fito ta can a matsayin zaki."

Baba ya shafa gemu, ya waiwaya ko akwai mai saurare. Na duƙufa ina zare zaren da bai yi laifin komai ba.

"In ta yi, ka zauna a ɗakinka. In ka kunyata ni a gaban mutane, ba sai ƙarshen wata ba, a ranar za ka kwashe."

"Baba, ai wannan sha yanzu..."

"Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar gidan ya shiga uku. Duk abin da ke da waya a jikinsa sai ya fara ɓacewa. Ya samo mataccen sitabilaiza ya ƙwaƙule cikinsa ya bar taransifoma da akwatin ƙarfen, ya ce shi ne gidan amfilifaya. Ya lallaɓi Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin ƙarshe, ta ba shi tsohuwar rediyonta a kan zai duba mata, ya mayar da ita gawa. Ya zare aljihun kabad ɗin matarsa ya huda shi ya ɗaura masa sifiku, wato bakunan da ƙara ke fita. Ni kuma na fita sallah na dawo na tarar da dutsen gugata babu wutsiya.

Na same shi a tsakar gida, ƙarfen liƙi a hannu, hayaƙin dalma yana tashi, wayar gugata a kan cinyarsa ya riga ya datse mata kai.

"Wa ya ba ka?"

"Aro na yi. Tela, zo ka ga yadda kamfanoni ke cutar talaka." Ya feɗe wayar ya nuna mini 'yan wayoyi uku a ciki. "Wannan ta kawo wuta. Wannan ta mayar. To wannan ta ukun fa, mai kore da ruwan ɗorawa, me take yi?"

"An ce ta ƙasa ce."

"Me amfilifaya za ta yi da ƙasa? Noma za ta yi? 'Yar rakiya ce kawai. Shekara nawa ina gyaran fanka, ban taɓa jona ta ba, kuma ba fankar da ta taɓa kawo ƙara."

"Masu fankar sun kawo."

Bai kula ni ba. Ya sa filaya ya guntule ta ukun ya yar. Sauran biyun ya murɗe bakinsu tsirara ya cusa a soket, ya tokare su da tsinken ashana, yadda ya saba yi wa kowace fanka.

Gwajin farko bai daɗe ba. Ya tara mu, ya ce kowa ya toshe kunne saboda ƙarfin abin da zai fito. Ya danna makunni. Wani abu mai kamar ƙaramin gwangwani a cikin akwatin ya kumbura, ya yi tau, ya watso wata farar auduga mai wari har kan 'yan biyu. Yaran suka yi tafi suka ce babansu ya sake.

"Na juya masa ƙafa ne da gangan," in ji shi yana kaɗe gira. "Sai ka san iyakar abu kafin ka yarda da shi."

A gwaji na biyu ƙara ta fito, amma tiransistocin cikinta, 'yan ƙananan kayan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, suka yi zafi har suna ƙamshin ƙuna. Ya shiga kicin ya fito da babban tiren alminiyon na Uwar-Biyu, wanda take jera wa baƙi kofuna a kansa, ya huda shi ya ɗaure tiransistocin a kai don ya riƙa shanye zafin. Ta fito daga wanka ta gani.

"Baban Biyu, tirena ne wannan?"

"Ya samu ƙarin girma. Da kofi yake ɗauka, yanzu murya zai ɗauka."

Ta kai yatsa ta taɓa, ta janye da sauri.

"To tunda ya yi zafi haka, in kawo butar shayi in ɗora? Ko gawayi ma huta." Ta juya za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya. "Ni dai ban ce komai ba a kan tire, ban ce komai ba a kan kabad. Ɗakin nan kawai nake so ka bar mini."

"Ki sa a ranki har fenti Baba zai yi mana."

A gwaji na uku ya jona makirfo mai jikin ƙarfe, ya ɗaure shi a kan sandar tsohuwar fanka, ya kafa shi dab da bakin sifiku. Abin ya saki wani ihu mai tsinin gaske wanda ya ratsa haƙora. Kajin maƙwabta suka watse. Sista, wadda ta kwana a wurin aiki ta samu barci ke nan, ta fito da zani a hannu, ido jajir.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Sista. Gaisawa suke yi, makirfo da sifika."

"In suka sake gaisawa, ni da kai za mu gaisa. Ina da allurar da ban taɓa gwadawa a kan mutum ba. Ina rediyona?"

"Tana cikin wannan, tana ƙaro karatu."

Da ya matsar da makirfo ihun ya tsaya, sai ainihin ciwon ya bayyana. Amfilifayar tana wani gurnani mai kauri, buuuu, ba tsayawa, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Ya canja waya, gurnani na nan. Ya ƙara dalma, ya rage dalma, ya juya taransifoma ta kalli gabas, ya buga akwatin da ƙotar sukundireba, duk a banza. Ranar taro tana matsowa, gidan kuma kullum cikin buuuu, har na fara jin sa a kunnena ko an ɗauke wuta.

Ana saura kwana kaɗan, ya gaji ya dafa akwatin da tafin hannu zai miƙe. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Ya ɗaga hannu, buuuu. Ya mayar, shiru. Ya yi haka ya fi a ƙirga, fuskarsa tana washewa.

"Tela, Sista, ku fito ku ga ikon Allah. Ta san ubangidanta."

Na zo na tsaya. Ya nuna mini, ya kuma nuna mini. Na ce bari in gwada, na ɗora nawa hannun. Ta yi shiru, sai dai na ji wani ɗan tsikari yana bin yatsuna.

"To ga shi ni ma ta yi shiru."

"Kai kunyarka take ji, baƙo ne kai."

"Kuma tana ja."

"Ba ja ba ne, ƙarfi ne ya yi mata yawa yake tsattsafowa. Doki mai kyau ai sai da ɗan cizo."

Ya kuma gano cewa in ya cire takalmi ya taka siminti, shirun ya fi tsabta, cizon kuma ya fi zafi. Nan take ya yanke shawara: ranar taro zai tsaya ba takalmi, hannunsa a kan akwati, har Baba ya gama jawabi. Na ce masa ya nemi wanda ya san aikin ya duba masa. Ya ce tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

An kira Baba ya gwada. Sha-Yanzu ya murɗa wani maɓalli da ya ce shi ne na kauri har ƙarshe, ya dafa akwati, ya yi wa Baba nuni da makirfon da ke kan sanda. Baba ya goya hannu a baya, ya sunkuya ya ce, "Jama'a." Abin da ya fito daga aljihun kabad ɗin nan wata murya ce mai kauri da ta girgiza kwanukan da ke kan taga. Ba a gane kalmar sosai, amma kauri kam akwai. Baba ya ja da baya, ya sake matsowa ya ce, "Jama'a." Ya faɗa, ya sake faɗa, idonsa har ya kawo ruwa don daɗi.

"Ka ƙara wa wayar makirfon tsawo," ya ce, "ta kai har bakin famfo. Ina so a ji ni lokacin da ruwa zai zubo."

Uwar-Biyu tana leƙe ta labule. Ranar na ga ta yi dariya har da ba furanninta ruwa sau biyu.

Ranar taro da hantsi layi ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi a gaba, mata da bokitai a gefe suna jiran a gama surutu su ɗebi ruwa. An ɗaure famfon da jan ƙyalle wanda ni na bayar. Sha-Yanzu ya fito cikin kaya masu guga, da tabarau, da sukundireba a aljihun gaba, amma ƙafa ba takalmi. Ya ɗora amfilifayar a kan tebur a gefen rumfa inda kowa zai gan shi, rana kuma ta faɗo daidai kan akwatin. Wayar wutar ta bi ta tagar shagona zuwa soket. A nan Uwar-Biyu ta zo ta tsaya, ta ƙi kujerar da aka ba ta, domin zaman aure ya koya mata inda ya kamata mai hankali ya tsaya in mijinta zai kunna abu.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya tsaya gaban sanda cikin babbar riga, ya ce, "Jama'a," murya ta fito da kauri, mutane suka kalli juna. Wani tsoho a bayana ya ce ashe Baba mura ce ta yi masa yawa duk shekarun nan. Sha-Yanzu ya dube ni ya ɗaga gira.

Sai ƙuda ya sauka a kan hancinsa. Ya hura, ƙudan bai tashi ba. Ya girgiza kai, ya dawo. Ɗayan hannun yana riƙe da maɓallin kauri wanda ya fara santsi yana komawa baya da kansa, don haka ya ɗaga na kan akwatin ya kai mari.

"Ni dai kun san ni, mutum ne mai..." Buuuu.

Yara suka fashe da dariya. Baba ya harare shi, ya ci gaba.

Ana cikin haka shugaban masu gidajen layin ya iso a makare, yana bin mutane da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Sha-Yanzu ya miƙa hannu. Babba ba a ƙin karɓar hannunsa, akwati kuma ba a saki. Sha-Yanzu ya bar maɓalli ya miƙa dama, hagu tana kan ƙarfe. Hannuwa suna haɗuwa shugaban ya yi tsalle gefe, hularsa ta faɗi.

"Kai, me ke jikinka?"

"Kwarjini ne, ranka ya daɗe."

Shugaban ya ɗauki hularsa ya koma can ƙarshen rumfa ya zauna yana duba tafinsa.

Jawabin Baba kuwa ba gajere ba ne. Ya faro tun daga ranar da ya fara koyon mota. Kafin ya kai shekarar da ya sayi filin gidan, rana ta sama da tiransistocin ciki sun haɗu sun mayar da akwatin murhu. Na ga Sha-Yanzu ya ɗage tafin hannu ya bar yatsu. Daga nan ya koma yatsa ɗaya, yana canjawa. Kowane canji sai an ji ɗan buu.

"Na ga wahalar da matan layin nan suke sha..." Buu. "...sai na ce wa kaina..." Buu. "...kai ma fa kana da..." Buuuu.

Yaran layi suka gane lokacin, suka fara taya ta. Baba zai ja numfashi, sai su haɗa baki su ce buuu tun kafin amfilifayar ta ce. Sha-Yanzu ya naɗe hannun riga ya dafa da gwiwar hannu. Ta ƙone shi. Ya gwada da haɓa. Daga ƙarshe ya sauke akwatin ƙasa ya taka da ƙafa, yana canja dama da hagu, gumi yana zuba, tabarau ya zame zuwa bakin hanci. Sista ta matso kusa da ni ta ce ba ta san an gayyato masu rawa ba.

Ya hango ni ya yi mini alama da ido in zo in karɓe shi. Na nuna masa cewa ni baƙo ne, kunyata take ji.

Wani siririn hayaƙi ya fara fita ta gefen tire, kaurin muryar kuma ya soma zagwanyewa, Baba na ainihi yana leƙowa ta ƙarƙashin zaki. Baba ya ji abin da ke faruwa. Ya yanke tarihin a tsakiya, ya fizge makirfon daga kan sanda ya riƙe shi a hannu don ya nufi famfo a gama. Yana damƙar ƙarfen makirfon, gurnanin ya ɗauke. Sha-Yanzu ya ɗaga ƙafa a hankali, shiru. Ya sauke ta a ƙasa, shiru. Ya gyara tabarau, ya buɗe hannuwa ga jama'a.

"Kun gani? Ta saba da shi. Ba kowa take yarda da shi haka ba."

Baba ya isa dandamali. Masu aiki sun wanke shi da safe, siminti jiƙe yake, shi kuma don kada takalminsa na fata ya lalace sai ya tuɓe ya hau. Fuskarsa ta ɗan yamutse, ya dubi makirfon, amma ga mutane sun miƙe, ga masu ɗaukar hoto da waya sun kewaye shi. Ya warware jan ƙyalle. Ya kai makirfo bakinsa ya ce, "Da sunan Allah, na buɗe," ya kama kan famfon ƙarfe da ɗayan hannun.

Wayar da Sha-Yanzu ya guntule ya yar, aikinta ke nan, ta kwashe wutar da ke yawo a jikin akwati ta kai ƙasa. Tun da aka haɗa amfilifayar wutar nan take neman hanya, ranar ta samu Baba.

Ban taɓa jin lasifika ta fitar da murya tsaf kamar a wannan lokacin ba. Babu gurnani, babu kauri, babu komai sai muryar Baba ta haihuwa, siririya, an ninka mata ƙarfi.

"Wayyo Inna! Inna ki zo!"

Mutumin da ya aurar da jikoki, yana kiran mahaifiyarsa da ta rasu tun muna yara, kuma an ji shi har bakin titi. Ruwa ya ɓalle ya yi masa wanka, yana tsalle a wuri ɗaya, babbar riga tana kaɗawa. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba Uwar-Biyu ta fizge wayoyin daga soket, tsinken ashana ya yi sama. Baba ya saki famfo ya zauna daɓas a cikin ruwa.

Wuri ya yi tsit. Sista ta ruga ta kama hannunsa, ta duba idonsa, ta ce babu abin da ya same shi sai tsoro. Da aka ji haka sai dariyar da kowa ya danne ta ƙwace. Mata suka kifa bokitai suna riƙe ciki. Shugaban masu gidaje ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Daga bayan rumfa wani ya siranta murya ya ce, "Inna ki zo," aka sake ɓarkewa.

A cikin wannan hali ne Sha-Yanzu ya ratso mutane, yana ɗingishi saboda ƙunar tafin ƙafa, ya tsaya a kan Baba.

"Amma Baba, tsakani da Allah, ka ji tsabtar murya? Ko ɗigon gurnani babu. Yanzu na gano inda matsalar take. In za ka riƙa riƙe famfon..."

Baba ya ɗago kai ya dube shi. Bai yi ihu ba, ya riga ya yi na shekara.

"Kafin la'asar," ya ce. "Kai da iyalinka da wannan shaiɗaniyar."

Dariya ta tsaya. Uwar-Biyu ta saki wayar da ke hannunta, ta tako har gaban dandamali, ta durƙusa a cikin ruwan ba ta ko tattare zaninta ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni na cire wayar."

"Na gani, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"To Baba, ni da yaran nan mun taɓa ƙona maka wani abu?"

"Ba ku taɓa ba."

"Ka ce a fita, kuma ba a musu da babba. Amma ɗakin nan shi ne wuri na farko da na kafa ƙusa na rataye madubi. In laifin na mutum ɗaya ne, Baba, a auna hukuncin daidai jikinsa."

Baba ya share ruwa daga gemu, ya daɗe yana kallonta.

"Ke da yara ku zauna. Shi kuwa kada in ga ƙafarsa ta wuce zaure."

Sha-Yanzu ya yi dariyar yaƙe. "Ai ba za ta zauna ba ni ba. Uwar-Biyu, tashi mu je mu haɗa kaya, dama gidan ya yi mana ƙanƙanta."

Ta miƙe ta matse bakin zaninta.

"Baban Biyu, na bi ka gidajen da ni kaina na manta adadinsu. Wannan karon kai ka yi gaba. In ka samu wuri ka zauna, wata ya fita wani ya shigo ba a kira 'yan kwana-kwana ba, ka aiko mini in zo in gani. Abincinka zan riƙa miƙo maka ta zaure."

Ta shiga gida. Ba a jima ba ta fito da akwatin kayan aikinsa, da tabarma, da filo, ta ajiye a bakin ƙofa. Ta je ta kwance tirenta daga jikin amfilifayar da sukundirebansa, ta duba hudojin, ta tafi da abinta. Sha-Yanzu ya sunkuya ya ɗauki filon. Ya tsaya rungume da filo yana kallon labulen ɗakinsu, mata kuma suka bi layi suna tara ruwa kamar ba a yi komai ba.

Na koma shagona raina fes, ina cewa yau zan yi barci ba buuuu. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan la'asar Baba da kansa ya leƙo, ya canja kaya, ya ce ya yi tunani, bai kamata uban yara ya kwana a titi ba, kuma shagona ai a wajen zaure yake.

"Na ɗan lokaci ne, Tela. Ka yi don Allah."

Kafin in haɗa amsa, Sha-Yanzu ya riga ya shigo ya shimfiɗa tabarmarsa tsakanin teburin yanka da kekena. Ya zauna ya miƙe ƙafafunsa da suka sha man ƙuna, ya sunkuyar da kai kamar mai nadama. Sai na ga idonsa ya sauka a kan motar keken ɗinkin. Ya karkata kai, ya matso, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

"Tela, wannan a haka kake fama da ita? Ai gudunta bai kai rabin abin da za ta iya ba."

Na tashi na cire keken daga soket, na naɗe wayar na sa a aljihu, na zauna a kan murfinsa.